A Musanya Garma

Ni ba direba ba ce, ban kuma taɓa riƙe sifana ba, amma duk faɗin Rikoto, unguwarmu a Zuru, babu wanda ya kai ni sanin muryar motar mijina. Matar soja da kunne take zaman aure. Kin saba sauraron takun takalmi, da ƙarar ƙofa, da sunayen da rediyo zai faɗa ko ba zai faɗa ba. Don haka tun motar tana kwanar kasuwa nake tashi in ɗora ruwan wanka, kafin ta tsaya a ƙofar gida ruwan ya fara ɗumi.

A shekarar 2004 mijina Saje Markus ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Saliyo da ɗan abin da ya tara, ya ce mota zai saya. Na ce a ƙara ɗaki, ya ce mota. Na ce injin niƙa, ya ce mota. Namiji in ya ƙwallafa rai a kan ƙarfe, sai dai ki ja bakinki ki tsuke.

Oga Obinna mai kayan gyaran mota a bakin tasha shi ya je Kwatano ya kawo guda biyu, fara da baƙa. Duk Golf ne 'yan dunƙule marasa gindi, duk an rubuta GTI a bayansu. Ni dai a idona bambancinsu fenti ne kawai, na kuwa faɗa.

"Madam, kar ka duba fenti," in ji Obinna. Shi kowa "ka" yake ce masa, mace da namiji. "Wannan fari na kowa da kowa ne. Yana gudu, ba ƙarya. Amma wannan baƙi, Bature ya yi shi don biki, kaɗan ne ya yi. Duba ɗamara na kujera, ja. Duba zare na sitiyari, ja. Inji na shi bawul goma sha shida, na fari takwas. Fari yana numfashi da hanci kawai. Baƙi da hanci da baki."

Markus ya zauna a ciki ya ja jar ɗamarar nan ya ɗaura, na ga fuskarsa na san ɗakina ya tafi. Tun daga ranar yaran unguwa suka raɗa mata Mai Jan Ɗamara. Farar kuwa Japhet ya saya.

Japhet bakanike ne, garejinsa na ƙarƙashin wani mangwaro a hanyar tasha, kuma shi ne aminin mijina tun suna yawo da ɗan kamfai. Tare suka yi golmo. A wurinmu saurayi noma yake yi wa uban yarinya shekara da shekaru, shi da sa'o'insa, kafin a ba shi ita. Japhet ya zubar da gumi a gonar babana, Baba Dodo, saboda Markus ya same ni, Markus kuma ya rama masa a gonar uban Leah. Ni nake kai musu kunu, saboda haka na san halinsu a gona. Markus ya fi sauri, amma da ya kai ƙarshen kunyarsa sai ya juyo ya kama ta Japhet daga can, su haɗu a tsakiya. Bai taɓa zama a inuwa yana kallon abokinsa yana noma ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta babana da duk wanda ya yi noma a gonarsa ya sani. In saurayi ya yi baya, ya fara cewa garmarsa ce ba ta ci, ko kuwa 'yan'uwansa suka fara ce masa raggo, Baba ba ya gardama. Sai ya ce, "A musanya garma." Na gaba ya ba na baya tasa, a sake kama kunya. Nan take za a gane ko hannu ne ko ƙarfe.

Da motocin suka zo, sai suka raba aiki kamar yadda suka saba. Markus yakan ce, "Sitiyari nawa, bonet naka." Ko ruwan lagireto bai taɓa dubawa da kansa ba. Duk Asabar Japhet zai zo ya buɗe, ya leƙa, ya goge hannu da tsumma ya ce lafiya lau, ya ci tuwona ya tafi. Mijina ya iya tuƙi kamar aljani, amma in ka nuna masa hanjin mota bai san hanta da huhu ba.

Ranar Lahadi in an taso daga coci aka ci abinci, sai su fita hanyar Dabai su gwada. Daga 'yar gadar bayan gari ake tashi, a tsaya a gindin wata ɗorawa kafin a shiga Dabai, kuma a tsakani akwai hawa mai ɗan tsawo. Manyan mutane da 'ya'ya, amma ka gan su kamar yara sun samu gare-gare. Masu kabu-kabu har ajiye aiki suke yi su bi su a baya.

Kullum abu ɗaya ke faruwa. Farar ta fi zafin tashi, da an saki kuloci sai ta yi tsalle ta wuce da tsawon mota guda. Mai Jan Ɗamara takan bi ta a baya tana gurnani kamar ba ta so. Amma daga giya ta biyu zuwa ta uku, daidai gindin hawan, tana da wata 'yar shaƙewa, irin ta mai ba da waƙa a zumuntar matan coci in ta ja numfashi kafin ta ɗaga murya. Daga nan sai ta saki wata ƙara siririya mai tsawo, ta wuce Farar kamar an ɗaure ta a turke. Wannan shaƙewar da wannan ƙarar su ne muryar da nake faɗa. Babu wata mota a Zuru mai irinta.

In Markus ya kai ɗorawa ba ya tsayawa. Juyowa yake yi ya tarbi Japhet a hanya yana danna oda, kamar yadda yake tarbarsa a kunya. Jama'a su yi ta dariya, Japhet ma ya yi. Ni na ɗauka dariyar ta kai masa ciki.

Shekara ta zagayo aka tura su Markus Darfur. Ranar da zai tafi ya kai motar garejin Japhet da kansa, ya ce a rufe ta da tampol, a riƙa tada ta lokaci-lokaci kada batir ya mutu. An ba kura ajiyar nama. Amma a ranar, da wani ya faɗa mini haka, da na wanke shi da mari.

Ana cikin damina labari ya zo cewa an kai wa sojojinmu hari a can, an rasa wasu, wasu sun ji rauni, ba a kuma faɗi sunaye ba. A Zuru irin wannan labari ba gida ɗaya yake shiga ba, don kusan kowane gida akwai mai kaki. Muka yi ta zarya tsakanin bariki da coci, ba wanda ya ce mana ga zance. Abinci ya daina wuce mini. 'Yata Glory takan tambaye ni ko Baba ya bugo waya, in ce mata layi ne ba kyau.

Wata ranar da hantsi ina wanki a tsakar gida, sai na ji ta. Daga kwanar kasuwa, shaƙewar nan, sannan ƙarar nan. Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na san mijina yana wata ƙasa, na san motarsa na ƙarƙashin tampol, amma ƙafata ba ta tsaya ta tambayi hankalina ba. Na fita a guje ba takalmi, kumfa har gwiwar hannu.

Farar ce ta tsaya a ƙofar gida. Japhet ya fito da doya a hannu, matarsa Leah na biye da shi, sun zo yi mini jaje.

"Matarmu, ki yi haƙuri," in ji shi. Haka yake kirana tun ina amarya. "Markus namiji na. In Allah ya so shina dawowa."

Na zauna na yi kuka har na gode wa Allah. Na ce wa Leah baƙin ciki ya fara taɓa mini kunne, har na ji motar mijinta da muryar motar mijina. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Na ɗauka tausayina take ji.

Markus bai mutu ba. Ya dawo da ƙafafunsa bayan doguwar jinya, sai dai abin da ya fashe kusa da shi ya tafi da kunnensa na hagu gaba ɗaya, na dama kuma sai an ɗaga murya. Mutumin da in ya yi dariya ake ji a gida na uku ya koma mai kallon bakin mutane yana cewa, "Mi? Mi kac ce?" Na koyi zama ta damarsa, Glory ma ta koya.

Washegarin dawowarsa Japhet ya kawo Mai Jan Ɗamara. An wanke ta, an shafa mata mai har tana ɗaukar ido, tayoyi baƙi ƙirin, jar ɗamara kamar yau aka saƙa. Ranar na fara ganin haƙoran mijina. Amma da aka tada ta sai na ji wani iri.

"Baban Sila," na ce wa Japhet, "ya na ji muryarta ta dushe?"

"Ta daɗe kwance, matarmu. Mota ma tana mura. In ta sha hanya za ta washe."

Na yarda. Shi ne bakanike, ni mai tuƙa tuwo.

Lahadin farko Markus da kansa ya matsa a fita. Japhet ya ɗan yi nauyin jiki, ya ce a bari ya huta, amma masu kabu-kabu sun riga sun taru. Ban je ba, labari aka kawo mini: Farar ta kai ɗorawa Mai Jan Ɗamara ba ta gama hawa ba. Kuma Japhet ya juyo ya tarbe shi a hanya yana danna oda.

Markus ya shigo gida bai ci abinci ba. Na ce ai an daɗe ba a haɗu ba, hannu ne bai faɗa ba. Lahadi ta biyu ma haka aka yi, har ta fi muni. A ta uku na ɗaura ɗankwali na bi su. Ban tsaya a gada da jama'a ba, na hau kabu-kabu aka sauke ni a gindin hawan, na shiga bakin wata gonar dawa na tsaya. Da na ji sun taso sai na rufe idona.

Ga su nan tafe. Ɗaya tana gurnani irin na kowace mota. Ɗayar ta shaƙe, ta ja numfashi, ta saki murya. Na ce a raina, yauwa, ga mijina nan ya dawo. Na buɗe ido. Farar ce ta wuce ni, Japhet a ciki.

Ashe ranar wankin nan kunnena ƙalau yake.

Da na koma gada na iske an kewaye su. Markus na zaune a mota da ƙofa a buɗe, yana kallon ƙafarsa ta dama kamar ba tasa ba. Japhet ya dafa kafaɗarsa, ya sunkuya ta kunnen dama, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ba laihinka ba na, ɗan'uwa. Wanda yag ga abin da kag gani, ƙahwa takan ji tsoro, ba ta taka totur awa da. Kuma tuƙi da kunne a kai shi. Ba ka jin lokacin sauya giya. Ka gode wa Allah da rai."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai, ana cewa Allah sarki, ana yaba wa Japhet da iya lallashi. Mijina ma ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan shi ya fi ƙona mini rai, don na ga maganar ta shige shi ta samu wurin zama.

Tun daga ranar ya daina taɓa motar. Yakan zauna a kan benci a ƙofar gida tun safe, in an gaishe shi ya ɗaga hannu. Ko kasuwa na ce ya kai ni sai ya ce in hau kabu-kabu. Wata rana ina tsince shinkafa kusa da shi ya ce, "Maman Glory, wanda yat tahi Darfur bai dawo duka ba. Kunne kaɗai na ɗauka na bari can. Ashe har da zuciya." Sannan ya ce ya yanke shawara, Lahadi mai zuwa bayan sujada a coci zai miƙa wa Japhet makullin Mai Jan Ɗamara, ya biya a hankali yadda ya samu. Wai ƙarfe mai kyau bai kamata ya lalace a hannun kurma matsoraci ba.

Matsoraci! Mutumin da aka ce ya ɗauko abokan aikinsa biyu a kafaɗa jini na zuba daga kunnensa. Kuma in motocin biyu suka koma hannu ɗaya, shi ke nan, an binne zancen har abada, mijina ya ƙare kwanansa a kan bencin nan yana ganin laifin ƙafarsa.

Na tafi shagon Obinna. Na ce masa ba sayayya na zo ba, tambaya ce, kuma ba zan tashi ba sai ya amsa. Ana iya cire injin wata mota a sa wa wata?

Ya dube ni, ya dubi titi. "Madam, ni baƙo ne, kasuwa na zo. Ba na shiga tsakani na 'yan gari."

"Oga Obinna, kai ka kawo motocin nan. Da bakinka ka ce ɗaya da hanci take numfashi, ɗaya da hanci da baki. To yanzu wadda ke da hanci kaɗai ce ke waƙa."

Ya shiga jera wasu kwalaye da suke a jere tun farko. Can ya ce, "Mota biyu, gida na inji iri ɗaya ne. Mai hannu zai iya, in ya kwashe da waya da salansa duka. Abu ɗaya zan faɗa maka, kuma ban faɗa ba. Wayar fulogi na takwas daban, na sha shida daban. Tun damina na bara Japhet na sha shida yake saya. Lokacin mota na Saje yana barci a cikin tampol."

Na dawo gida ina huci. Na zauna ta damar Markus na ce, "Baban Glory, ka buɗe bonet ɗin motarka ka duba."

"In duba mi? Mi nis sani a ciki?"

"Injinka ba ya ciki. Yana cikin motar Japhet."

Sai da na maimaita. Da ya gane abin da na ce, ya miƙe tsaye, idonsa ya kaɗa. Tun da muka yi aure bai taɓa yi mini tsawa irin ta ranar ba. Ya ce Japhet ya noma gonar ubana har hannunsa ya fashe kafin a ba shi ni. Ya ce da yana kwance a asibiti wa ya riƙa kawo mana doya? Ya ce don ina jin kunyar mijina ya zama raggo shi ne zan ɗora wa bawan Allah sata. "Kada ki sake," in ji shi. "Kunnenki na, ba shaida ba."

Na ƙyale shi, ba don na haƙura ba. Na gane ko na kawo Obinna, ko na kawo bakanike goma, zai ce haɗa baki muka yi don mu faranta masa. Mutumin da ya daina yarda da kansa, magana ba ta maido shi. A lokacin ne na tuna Baba Dodo yana zaune a kan kututture a bakin gona, yana kallon samari suna gardama.

Ranar Lahadi aka taso sujada. Motocin biyu suna gefe da gefe a ƙofar coci, mutane na gaisawa. Na ga Markus ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya nufi Japhet. Na sha gabansa, na tsaya ta damarsa, na buɗe murya irin wadda nake ba da waƙa da ita.

"Kafin a ba da makulli, a musanya garma!"

Dattawa suka fashe da dariya, don rabinsu sun ci wuya a gonar babana ko sun ji labari. Wani ya ce, "'Yar Dodo ke nan!" Wani ya ce ai gaskiya ta faɗa, a gwada a gani ko hannu ne ko ƙarfe.

Japhet ma ya yi dariya, amma a leɓe ta tsaya. "Haba matarmu, mota ai ba garma ba ta. Kowace da hannun da tas saba. Kada mu ƙara mashi ciwo gaban mutane."

"In hannunsa ne, ai Farar ma za ta yi baya," na ce. "Me za ka rasa?"

Markus ya dube ni da fushi. Na san don ya rufe mini baki zai yarda, ya nuna mini a gaban kowa cewa na yi wa amininsa ƙazafi. Ya miƙa wa Japhet makullinsa, ya buɗe tafin hannu yana jiran na Farar. Japhet ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, kamar makullin zai yi masa alheri ya ɓata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ciro ya ba shi.

Na buɗe ƙofar Farar na shiga gaba, ban nemi izinin kowa ba. Kujerar duk ta lotse, ɗamarar baƙa ce mai maiƙo, cikin na warin man juye. A bakin gada wani mai kabu-kabu ya ɗaga hula ya sauke.

Baƙar ta yi tsalle ta wuce mu da tsawon mota guda. Na ce shi ke nan, na kashe mijina da hannuna. Markus ya ce, "Kin gani?" ba tare da ya dube ni ba, ƙafarsa a kan totur kamar mai taka ƙwai. Sai can na tuna, ai dama mai tsallen farko ita ce mai sarewa a hawa.

Muka iso gindin hawan. Ya kama giya zai sa ta uku, motar ta shaƙe.

Bai ji ba, na tabbata bai ji ba. Amma hannunsa na kan giya, ɗayan na kan sitiyari, bayansa na jingine da kujera, kuma duk sun san wannan shaƙewar. Na ga yatsunsa sun tsaya cak. Na ga gashin hannunsa ya tashi. Ya dubi sitiyarin kamar wanda ya ga ɗansa a gidan wani. Sai ya taka, ya taka har ƙasa, irin takun da na sani.

Ta saki murya. Kaina ya bugi kujera, dawa ta koma kore ɗaya a gefen hanya. Muka cim ma Mai Jan Ɗamara a tsakiyar hawa tana nishi, muka wuce ta. Na ga Japhet ta taga da jar ɗamarar mijina a ƙirjinsa, ya kafe ido a hanya, bai waiwayo ba.

Da muka kai ɗorawa Markus ya taka birki. Hannunsa ya fara karya sitiyari da kansa don ya juya ya tarbi na baya, kamar yadda ya saba tun a gonar babana. Sai ya tsaya. Ya maido da sitiyarin daidai, ya ja birkin hannu. Ya fita ya bar injin yana aiki, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya yi tsaye.

Yana nan a haka har Japhet ya iso, masu kabu-kabu da mutanen coci na biye da shi. Japhet ya fito yana share fuska.

"Aro niy yi, Markus," ya ce a hankali. "Nawa ya buga. Na ce in ka dawo in maida."

"Mi?"

"Na ce aro niy yi."

"Mi kac ce? Ka san ni kurma na. Ɗaga murya, awa yadda kaɗ ɗaga ranar nan."

Haka Japhet ya tsaya a gindin ɗorawa, gaban dattawan da suka san shi tun yana goye, ya faɗa da ƙarfi cewa ya cire injin abokinsa ya sa a motarsa, ya gyara mataccen nasa ya sa wa abokin.

"Yaushe?" in ji Markus.

Ni na amsa. Na ce a makon da ba mu san ko yana raye ba. Na ce da injin ya zo mini jaje, da doya a hannu.

Na zaci Markus zai kai masa duka, har wasu sun matso don su riƙe shi. Bai ko ɗaga hannu daga kan bonet ba.

"Inji ƙarhe na, Japhet," ya ce. "Da ka roƙa, da na ba ka har da taya. Ka ɗauka na mutu, wannan ma na ji, kowa ya ɗauka. Amma na dawo. Ka ga na dawo. Kad dahwa kahwaɗata, kac ce ƙahwata ta ji tsoro, kuma ka san ƙarya ta. Ka gan ni bisa benci kana wucewa kana ɗaga mani hannu."

Ya leƙa ta taga ya kashe motar, ya bar makullin a jiki. Ya ce wa wani dattijo ya sa a kai masa tasa gida, gobe Obinna zai nemo wanda zai mayar da kowane inji inda aka same shi. Masu kabu-kabu suka yi ta tayin su ɗauke mu, ya girgiza kai. A ƙasa muka kamo hanyar Zuru, ni ta damarsa, da takalmin coci yana cin ƙafata.

Ina jiran in ji daɗi. Na yi gaskiya, duk gari ya gani, mijina ya samu ƙafarsa. Amma daɗin ya ƙi zuwa. Muka gangara hawan, sai da muka kusa gada ya yi magana, da ƙarfi kamar yadda kurame ke yi ba su sani ba.

"Maman Glory, kin yi daidai."

Na ce to.

Muka ƙara 'yar tafiya.

"Amma wallahi da na hi so a ce ƙahwata ce."